Inna, Gyara Fa?

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin jinya a jirgin ruwa, ranar da muka faɗa tsakiyar bikin titi da ake kira Carnival a ƙasar Brazil ba za ta fita daga raina ba. Yanzu ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, teku sai dai a hoton waya, amma wallahi ina kewar wannan yini.

Mu biyu ne kaɗai Hausawa a jirgin, ni da wani bakanike ɗan Tarauni, sarkin surutu da tsokana. Muna tsakiyar teku aka aiko masa cewa mahaifiyarsa ta rasu, har an kai ta. Ya yi salati, ya koma ɗakin inji, shi ke nan. Bai yi kuka ba, ya daina tsokanata, abinci kuwa sai ya jujjuya cokali ya tashi. Mutum yana ramewa a gabana, ni mai akwatin magani na rasa abin da zan ba shi. Tsorona kada abin ya taɓa masa kai, kyaftin ya sauke shi daga aiki.

Da jirgi ya tsaya a wani gari, na ja shi dole muka taka ƙasa. Ba mu yi nisa ba muka ji ihu, ga jama'a sun cika titi da fenti a fuska. Kun san Bakano, nan take na fara neman lungun tsira, na ɗauka rikici ne ya ɓarke. Ashe biki ne! Makaɗa sahu-sahu suna dukan ganguna har cikin ƙirjinka, wasu na tafe a kan dogayen sanduna, tsofaffi da jikokinsu kowa na taka rawa. Wata shigar kam sai da na kawar da kai ina a'uzubillahi.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Can sai ya ja ya tsaya, ya riƙe mini hannu.

"Kai, ka ji abin da na ji?"

Na ce, "Gangar?"

Ya ce, "Ƙosai."

Na ɗauka yunwa ce ta fara sa shi sambatu. Muna shan kwana sai ga wata dattijuwa cikin fararen kaya da ɗankwali, zaune gaban kasko tana tsamo ƙosai daga manja. Ƙosan wake dai, sai dai ya fi namu girma. Ya tsuguna gabanta kamar yadda ake yi a bakin titin unguwarmu, ya nuna da yatsa, ta zuba masa a takarda. Sai na ji ya ce da Hausa tsantsa, "Inna, gyara fa?"

Na buɗe baki zan ce masa ina ta san gyara a nan. Matar ta dube shi, ta dubi hannun da ya ƙi janyewa, ta yi dariya ta ɗora masa guda ɗaya a kai.

Nan abokina ya zube a ƙasa ya fashe da kuka, ganguna na wucewa ta bayanmu. "Sana'ar mahaifiyata ke nan," in ji shi. "Da ita ta yi mini makaranta. Kowa tana ba shi gyara, ni kaɗai take hanawa, wai ɗan gida ba ya cin gyara."

Dattijuwar ta bar kaskonta, ta dafa kansa tana magana a hankali da yarensu. Ko kalma ɗaya ba mu gane ba, amma mun san ta'aziyya ce. Ni ma sai da na goge ido. Da ya gama ya cinye ƙosansa tas, ya haɗa da wanda na saya wa kaina.

Tun daga ranar na gane mai makoki ba ƙwaya yake nema ba, wurin da zai yi kukansa yake nema. Shi ya sa yanzu a asibiti, idan na ga wanda aka yi wa rashi ya yi shiru, ba na saurin ce masa ya yi haƙuri. Kujera nake jawowa in zauna kusa da shi.