Jirgin da Na Bayar da Bakina

Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa ita ce shekarar da na rasa jirgina, kuma ba dogarai ne suka ƙwace shi ba. Da su ne ma da sauƙi, don wanda aka karɓe wa abu da bulala yana da wanda zai yi wa Allah ya isa a fili.

Ni ɗan fito ne a wani ƙauye na bakin kogi, gabas da Haɗeja. Ubana ne ya sassaƙa jirgin daga gungumen maɗaci, ya bar mini shi da ya rasu. In damina ta yi nisa kogi ya kawo, duk mai zuwa kasuwar birni sai ya shiga cikinsa, shi da kayansa. Da rani in yi su da shi. Ba ni da jaki, ba ni da saniya, jirgin nan shi ne tuwon gidana.

To ga kuɗin ƙasa na bara ban gama biya ba, na bana ya hau kai, gona kuwa ko iri ban ɗauka ba. Bulamanmu ya yi ta ba jakadan hakimi haƙuri har bakinsa ya gaji. Sai labari ya iso cewa jakada na tafe da dogarai gari-gari, suna kwashe abin da suka tarar. A ƙauyen da ke gabanmu, an ce har turmin wata tsohuwa sun ɗora wa jaki.

Ina da amini a lokacin, masunci ne, da gora yake shiga ruwa don ba shi da jirgi. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, shi ne abokin ango a bikina, kuma ban taɓa karɓar ko wuri ɗaya na fito a hannunsa ba. Ya same ni a bakin ruwa ina tara duwatsu.

Ya ce, "Mutumina, me za ka yi da waɗannan?"

Na ce zan loda wa jirgin ne in nutsar da shi cikin ciyawa har baƙin su wuce.

Ya yi tsaki. "Kai ma dai! Wannan jakadan ba ya bincike, Alƙur'ani yake ɗora wa mutum. Za ka dafa ka ce ba ka da jirgi, alhali yana kwance a ƙasan ruwa? Kai da ƙananan 'ya'ya?"

Na ajiye dutsen da ke hannuna. Mu duka mun ga wanda rantsuwa ta ci, ba labari aka ba mu ba. Na ce to yaya ke nan? Ya matso, ya ce in ba shi jirgin kyauta a gaban shaidu. In na dafa Littafi na ce ba ni da jirgi, gaskiya na faɗa. In ƙura ta lafa shi ma ya ba ni kyauta, shi ke nan, ba a yi wa Allah ƙarya ba, ba a ba jakada komai ba. Wallahi har rungume shi na yi. Na ce wannan kai naka da a fada yake, da an huta.

Bayan la'asar muka je zauren liman, dattawa na zaune. Liman ya dube ni ya ce, "Kyauta ce ko aro?"

Na ce, "Kyauta, Allah gafarta malam."

"Ba wanda ya tilasta ka?"

"Babu."

Ya ce kyauta ba ta cika sai an karɓa. Muka sauka bakin ruwa gaba ɗaya, na miƙa wa aminina filafili, ya shiga ya tuƙa zuwa mashigin bayan gidansa ya ɗaure.

Ranar da jakada ya zo, aka shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiya, dogarai suka bazu cikin gari. Sun kora awakin matata, sun ɗauki taruna, sun zazzage ɗan geron da ya rage a rumbu. Matata na kuka, ni kuwa ko a jikina. Aka kai ni gaban jakada.

Ya ce, "An ce kana da jirgi."

Na ce, "A da ke nan, ranka ya daɗe."

Aka sa na yi alwala, liman ya kawo Alƙur'ani, na dafa na rantse ba ni da jirgi a ruwa ko a tudu. Aka kira aminina. Ya bugi ƙirji ya ce jirgi nasa ne halak malak, ga shaidu nan a zaune. Yadda ya faɗe ta ba ko ƙifta ido, har daɗi na ji a raina. Jakada ya daɗe yana kallonmu yana sakace. Sannan ya ce, "Na ga irin kyautar nan a garuruwa da yawa. Komowarta ce ban cika gani ba." Ya sa aka ɗaure ni aka shanya a rana, sai da bulama ya tsaya mini cewa zan cika saura da kaka aka kwance ni. Ina kwance a ƙasa igiya na cin hannuna, amma dariya nake yi wa jakada a ciki.

Suka tafi. Na jira aminina ya zo da kansa, don kunya ba ta bar ni in je tambayar abin da muka ƙulla tare ba. Kasuwa ta ci ta sake ci, ina hango shi yana fito da mutane. Da na gaji na je, ya ce ƙura ba ta lafa ba, jakada na da 'yan leƙen asiri. Na ce gaskiya ne. Na koma da wata ya kama, ya ce in ƙara haƙuri. A zuwa na uku na tarar yana cin tuwo a zaure, bai ce mini bismilla ba.

Na ce, "Na zo kan maganar jirgina."

Ya suɗe hannu ya ce, "Jirginka? To in naka ne, rantsuwar da ka yi fa? Ka ji tsoron Allah, mutumina. Ni lahirarka nake tsare maka."

Innalillahi! Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba, sai da maƙwabta suka ɓamɓare ni. Na zage shi, na zagi ranar kaciyar da aka zaunar da mu a tabarma ɗaya. Bai rama ba. Gyara rigarsa ya yi yana cewa a yi mini uzuri, asara ce ta taɓa ni.

Na garzaya wurin liman. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Da bakina na tambaye ka, kyauta ko aro. Me ka ce?" Na tashi na fita. Na yi tunanin kai ƙara gaban alƙali a birni, to in ce me? In na ce jirgi nawa ne, na zama wanda ya yi rantsuwar ƙarya, kuma jakada ya zo ya ɗauka. In na ce na bayar, magana ta ƙare. Duk garin sun san gaskiya, dattawan nan da suka yi shaida sun fi kowa sani, amma ba wanda ya buɗe baki. Wannan shirun nasu ya ci mini rai kusan kamar abin da shi ya yi. Na koma shiga ruwa da gora kamar yaro mai koyo, na daina bi ta mashigi, na daina amsa sallamarsa.

Da damina ta zagayo, 'yata ƙarama ta kwanta da zazzaɓi har wuyanta ya sanƙare. Aka ce akwai mai magani a birni. Kogi ya cika ya batse, kuma jirgi ɗaya ne a garin. Na saɓa ta a kafaɗa na sauka mashigi, na shiga cikin 'yan kasuwa na zauna, ban dube shi ba. A tsakiyar ruwa kowa ya fara miƙa kuɗin fito. Na kwance bakin rigata na miƙa nawa.

Ya ture hannuna, da ƙarfi yadda kowa zai ji ya ce, "Haba! Ni zan karɓi kuɗinka? Har abada kai ba ka biya a jirgina."

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya bar zumunci."

Jirgi duka ya amsa. Yarinya na kan cinyata tana numfashi da ƙyar, gaɓa kuma da sauran nisa. Na ce amin.