Shekara uku bai san ɗakin littattafai ba

Jiya na raka ƙanwata Rabi, wadda ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, ta ga jami'a kafin ta kai dosiye, wato takardun neman shiga. Ɗan kawunmu Sanusi, da ke karatu a can, shi ne jagora, shi da in ya je garinmu Hamdara hutu ko tsofaffi da Faransanci yake gaida su.

Ya nuna mana resto inda ɗalibai ke cin abinci, da mai shayi, da inuwar da suke karta.

Rabi ta ce, "Yaya Sanusi, ina ɗakin littattafai?"

Ya sosa ƙeya. "Ai an tashe shi tun bara."

Wata mai shara ta nuna bayansa da tsintsiya. Ashe bangon ɗakin ma yake jingine da shi!

Shekararsa uku fa a wurin. Wai shi Baba ya ce ya kula da karatunta. Jama'a, ku za ku yarda?