Takin da Baba Ya Zuba wa Ƙwayoyina

Shekarar da nake aikin digirina na biyu a Samaru, abin da nake bi ido ba ya ganinsa. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya a ruwa waɗanda ba su da abinci sai 'yan uwansu, su huda su, su shige ciki su cinye. Aikina shi ne in gano ko takin gona da ƙazantar da ke gangarowa cikin dam suna rage nau'o'insu. Na zaɓi wuri biyu da zan riƙa ɗibar ruwa. Ɗaya inda kwatar unguwa ke zuba, ruwan ya yi kore shar da gansakuka. Ɗayan wani lungu ne mai duwatsu a ƙarshen lambun Baba, ruwansa garau. Duk aikin a kan lungun nan ya rataya, domin da shi zan gwada ɗayan.

Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da ya yi ritaya ya ƙi zaman gida a Sabon Gari, ya kama noman rani a bakin dam, tumatir da albasa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka Uwata yake kirana. Bai taɓa gane abin da nake karantawa ba, amma duk wanda ya zo lambun sai ya ji cewa 'yarsa tana kiwon dabbobi a kwalba. Wata rana ina wanke hannu na yi ƙorafi a gabansa, na ce ƙwayoyin lungun ba su da yawa, da kyar nake samun su. Maganar gajiya ce kawai. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ci gaba da ban ruwa.

Bayan 'yan makonni sakamakon lungun ya fara rikicewa. Nau'o'in da na saba gani suka yi ta ɓacewa, iri ɗaya ya mamaye, tamkar na bakin kwata. Na zargi kwalabena, na sake dafa su. Na zargi firijin ɗakin gwaji da ɗauke wuta. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, kowa a ɗakin ya ɗanɗana bakina. Malamin da ke duba aikina ya ce in lungun ya lalace, sai dai in jira wani ranin in fara daga farko.

Wata Asabar na yi sammako, na tarar da Baba tsaye a cikin ruwan, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana jan igiya. A ƙarshenta buhu ne jiƙe sharkaf. Tun kafin ya buɗe baki warin ya gaya mini kashin kaji ne. Haka masu kiwon kifi ke yi, su rataya buhunsa a tafki, ruwa ya yi kore, 'ya'yan kifi su sami abinci. Har Shika Baba yake zuwa ya ɗauko a bayan kekensa.

"Uwata, sun ƙaru ko?" ya tambaye ni yana murmushi.

Na zauna a kan dutse, raina a ɓace, hawaye na zuba. Na ce, "Baba, shekara guda ka cinye mini." Da na ɗan huce na yi masa bayani: lungun nan yadda Allah ya bar shi nake buƙatarsa, da yunwarsa, kada komai ya shiga. Ya ja buhun can nesa da ruwa, ya dawo ya tattara mini kwalabena a cikin kula. A hanyar gida tausayinsa ya dame ni fiye da haushin.

Damina ta zo ta wanke dam ɗin. Da rani ya dawo na koma in fara sabon ɗiba, sai na ga fangalin da ke kusa da lungun babu shuka ko ɗaya. Nan ne ƙasar ta fi laima, nan tumatirin Baba ke fin kyau kowace shekara. Ya koma can tudu inda ƙasa ke da tsakuwa, don kada takinsa ya gangaro. Da rana kuma yakan zauna a kan duwatsun, yana roƙon masu wanki da makiyaya su matsa gaba. Na ce masa bai kai ga haka ba.

Ya ce, "Kin ce a bar su da yunwarsu. To na bar su."

Nau'o'in suka dawo a hankali, na gama aikina. A ranin nan, tumatirin miyar gidanmu a kasuwar Sabon Gari Baba ya riƙa sayo mana.