Malam Dalhatu da Silifan Hannun Afra'u

Da an idar da sallar asuba za ka ji ƙarar ƙofar langa-langa a gefen kasuwar Rano. Malam Dalhatu mai walda ne ke buɗe rumfarsa. Ya zazzage tsofaffin boris na tayoyi a kwano, ya wanke su da kananzir, ya shafe su da giris. Tun gemunsa na baƙi aikinsa ke nan, haɗa wa guragu keke da tayoyin da aka yar.

Ba abin da ke ƙona masa rai kamar ya ga ana jan abu a ƙasa. Ko buhun masara ya ga ɗan dako na ja, sai ya miƙe. "Kai, ka gaji da ƙarfinka ne? Abin da ake ja, da duk jikinsa yake gugar ƙasa, tana riƙe shi tana cin sa. Sa bututu biyu a ƙarƙashinsa ka tura. Mai mirginawa taɓa ƙasar kawai yake ya wuce." Sai ka ga buhun da ya gagari ƙato ya tafi da hannu ɗaya.

To buhu ke nan, ina ga ɗan Adam?

Afra'u 'yar ƙauyen Durba ce, shan-inna ya kama ta tun tana goye. Silifa take sawa a tafin hannu ta ja jiki zuwa makaranta, silifan ya cinye, hannun ya tsattsage. Wata shekara wasu manya suka zo rabon keken guragu, aka sha jawabi, aka ɗau hoto da ita a tsakiya. Damina ɗaya yashi ya shige boris, tayar ta kafe. Kun san abin da aka ce wa uwarta da ta kai kuka? Wai a riƙa tura ta a haka! Taya ba ta juyawa, ana turzawa kamar masu jan turmi, har robar ta huje. Haba jama'a! Afra'u ta koma kan silifanta, uwar ta ce ta haƙura da karatun.

A amalanke aka kawo keken rumfar Malam Dalhatu. Ya juya tayar, ta ƙi. Ya ce wa uwar, "Baiwar Allah, yarinyar nan ba za ta zauna a gida ba." Ya canja boris, ya yanka tsohuwar roba ya toshe hanyar yashi, ya ce duk gabatowar damina a kawo masa. A kan keken nan ta gama sakandare.

Kai ne, Malam Dalhatu, gatan guragun Rano da Kibiya, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ba ka kujera a taro ba. Yanzu hasken walda ya cinye maka ido, likita ya ce ka ajiye aiki, kuma cikin masu zaman kashe wando a bakin rumfarka ba wanda ya ce ka koya masa. Wallahi mun ji kunya. In ka rufe rumfar nan tayoyin za su sake kafewa.

Juma'ar da ta wuce Afra'u ta zo gaishe da Malam Dalhatu. Ta ce, "Baba, duba."

"Idon ai ya tafi, 'yar nan. Matso."

Ta buɗe hannu dab da fuskarsa. Lalle ne ya kama jawur, ba kanta, ba tsaga. Sannan ta ajiye tsofaffin silifan a gabansa. "Riƙe min su, Baba. Tsoro nake kar in sake neman su."

Mun gode, Malam Dalhatu, Allah ya saka maka da Aljanna. Ku kuma matasa, mai hannu biyu da ɗan tausayi ya zo ya durƙusa gaban tsohon nan ya koya tun hadari bai haɗu ba. Silifan na nan rataye a ƙusa cikin rumfar. Kada mu bari a sauko da su.