Jinjina ga Malam Abdulhadi, Mai Hura Lagireto

Hantsi bai taɓa riskar Malam Abdulhadi a gida ba. Kafin rana ta ɗaga ya cika rabin duronsa da ruwa a gindin darbejiyar da ke bakin hanyar Watari, ya haɗa gawayi, ya tura ƙarfen liƙi cikin wuta. Sana'arsa gyaran lagireto, abin nan mai kama da saƙar zuma da ke sanyaya inji. Kuma duk wanda ake kawo masa tsoho ne tukuf, na akori-kura ko tarakta, wasu ma sun girmi masu tuƙa su.

Ba shi da na'ura sai ƙirjinsa. Yakan toshe kafofin lagireto, ya nutsar da shi a duro, ya kafa baki a tiyo ya hura. Inda kumfa ta taso, nan yoyon yake, sai ya bi da dalma. Abu ɗaya ke haɗa shi faɗa da direbobi: zuba garin kuka a lagireto don yauƙin ya toshe ɓula. In ya buɗe ya ji warin, sai ya tambayi mutum ko ya taho da tuwon, tunda miya ta dahu. Yakan ce kuka tana rufe ɓula yau, gobe ta shaƙe inji.

Kai ne, Malam, ka bi tarakta har tsakiyar gona da damina ka liƙe ta, huɗa ba ta wuce mutane ba. Kai ne matarka Barira ta gaji da aika maka abinci yana dawowa a rufe. Dogo mai dogon numfashi! Shekara da shekaru kana sunkuye kan hayaƙin dalma da ruwan batir, ba wanda ya taɓa tambayarka ya ƙirjin.

Bara, da tumatir ya nuna, Zaharaddini direba ya kawo lagireton akori-kurar da ke kai kwandunan ƙauyenmu zuwa kasuwar birni. Ya ce motar tana shan ruwa. Malam ya nutsar, ya hura, ya sake hurawa, ruwa shiru. Ya ce masa lafiya lau yake, ya ɗaura ya tafi. Ba su kai Dawanau da ke bakin birni ba inji ya ɗau zafi ya buga. Tumatirin gidaje da dama, wahalar rani guda, ya narke a rana a gefen titi.

Wallahi ba wanda ya ɗaga wa Malam murya. Shi ne ya matsa a dawo da lagireton. Ya hura, shiru. Sai ya miƙa wa Zaharaddini tiyon. Hurawa ɗaya, duro ya ɗauki kumfa kamar tukunya tana tafasa. Malam ya daɗe yana kallon ruwan, ƙirjinsa yana shessheƙa.

"Ashe ni ne nake yoyo," in ji shi.

A ranar ya kife duron. An ba shi haƙuri, an ce ƙaddara ce, ya ce mutumin da ruwa ya daina amsa masa ba shi da hurumin cewa kowa ya tafi lafiya. Yanzu yana zaure yana tari, daga nan zuwa masallaci sai ya huta a hanya. Abin baƙin cikin, bai bar magaji ba. Ya nema, kowa ya ce wa zai sayar da huhunsa kan tsohon ƙarfe, ga sababbin lagireto na roba ne, in sun tsage sai juji. To amma mu tsofaffin muke da su.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sassauta maka wannan ƙirji. Ku kuma masu sauran numfashi, duron yana nan a kife, mai shi yana raye, bakinsa bai gaza koyarwa ba. Ku je tun ana jin muryarsa.

Kwanan baya Zaharaddini ya je gaishe shi. Malam ya tambaye shi da me suke tare yoyo yanzu. Direban ya sunkuyar da kai.

"Baba, tun da ka bari, sai kuka."