Burtalin da Kaka Ya Hana a Toshe

Jiya tifa ta juye yashi a bakin burtalin ƙauyenmu, hanyar da shanu ke bi zuwa tafki. Nan take Kaka, mahaifin babana, ya faɗo mini a rai.

Da ma'aikatan Gumel suka fara gina gidaje a nan, suna fita aiki da safe su dawo da yamma, kowa ya yanka gonarsa fuloti-fuloti. Kaka ma ya sayar, amma ya bar gefen burtalin, duk damina yana dasa itacen bini-da-zugu a kan iyakar don ya zama shinge. Wata rana wani dillali ya same mu muna dashe, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko, ruwan itacen yana manne mana a yatsu.

"Baba, ai wurin nan ya zama gari," in ji shi.

Kaka ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Shanun sun daina jin ƙishirwa ne?"

Yau da sassafe na kai wa mai unguwa ƙara, na kuma saro rassan bini-da-zugu na dashe. Yashin nan sai an kwashe shi.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya hana a matse wa dabbobi hanya.