Ingilishin Zumunta

Ni ne wawan wannan labari, kuma ba na roƙon a rage mini komai. Tsoho mai aji uku a lekol, wato makarantar boko, wanda Faransancinsa bai wuce gaida likita ba, shi ne ya tashi da furfurarsa zai koyi Ingilishi.

Jikokina ne dalili. Ɗana ya yi aure a Legas ya zauna can, ƴaƴansa suka tashi ba su da Hausa sai "sannu". Tun da mai ɗakina ta rasu gidan nan na unguwar Zariya ya yi mini yawa, in na yi tari ni kaɗai nake yi wa kaina sannu. Ran Juma'a ɗana kan kira ya miƙa musu waya. Su ce halo, in ce halo, sai mu tsaya muna sauraren numfashin juna har uban ya karɓe.

Na kai kukana wajen maƙwabcina, wani tsohon muse da ya koyar da Ingilishi kafin ya aje alli. Ya ce kalmomin Ingilishi ba sa fita su kaɗai, kowace da abokiyar tafiyarta. Na ce to sun fi ni gata. Ya koya mini na zumunta: kulos famili, dangi na kusa; sitiron bon, igiyar da ba ta tsinkewa; kif in toc, wato kada a bar juna shiru. Damina guda ina bitarsu a tsakar gida, akuyata na saurare. Ita dai ba ta taɓa gyara mini ba.

Da na ga na nuna, na jira Juma'a. Aka ba babbar jikata waya, na gyara murya na zuba mata su duka a jere. Ta yi dariya mai daɗi, ta amsa da wata doguwar magana da muse bai kai ni wurin ba, ta ruga. Na bi ta da kif in toc, ashe uban ne a kan layi.

Washegari zaman gida ya gagare ni. Na hau kabu-kabu zuwa Tibiri wurin yayata, wadda rabona da ita tun kakar bara, ga shi idanunta sun fara dushewa. Na tarar tana ɓarar gyaɗa a gindin zaure. Na zauna na kwashe labarin na faɗa mata, har da fassara, ina jiran ta tausaya mini ko ta yaba ilimina.

Ba ta ɗago kai ba. Ta tura mini ƙwaryar gyaɗar da ƙafa.

"Kai ƙanena, na Legas ka yi musu damina guda kana karatu. Ni da nake nan Tibiri, wane yare za ka koya kafin ka zo ka duba ko ina da rai?"